Fuskar Buhu da Tsakiyarsa

Gumbin Kure,
ta Maiyama.

Zuwa ga ɗana Nafi'u,

Aminci da rahamar Allah su tabbata gare ka, kai da iyalinka. Ina roƙon Allah Ya sauke ku Aliero lafiya, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin kasuwa, da sharrin abin da harshenka zai furta cikin fushi.

Za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma na rubuta maka takarda. Na san halina ne. In na zaunar da kai, kafin in kai tsakiyar magana na fara faɗa, kai kuma ka sunkuyar da kai kana "to, Baba", hannunka na cikin aljihu yana shafa waya. Don haka ka bari sai ka sauka ka ajiye kaya, sannan ka karanta a tsanake.

Na miƙa maka rumbunan albasarmu na Aliero, tunda ƙafa ta ƙi ni, ido ma ya fara bin sahunta. Amma ba albasa nake ji wa tsoro ba. Albasa ta sha ruɓewa a hannuna, shekara ta zagayo na sayi wata. Lawali nake ji wa tsoro, ɗan baffanka Garba, Allah Ya jiƙansa, wanda zai bi ka ya yi aiki a ƙarƙashinka kamar yadda ubansa ya yi a ƙarƙashina. Shi kaɗai ne ya rage tsakanin gidanmu da nasu. In ya dawo daga wurinka da ɓacin rai, zumuncin nan ya yanke, kuma ba ni da sauran ƙarfin da zan ƙulla shi.

Shekaranjiya ina zaure na ji kana nuna wa abokanka ƙananan na'urorin nan da za ka cusa cikin albasa, masu auna zafi da danshi su aiko maka da labari a waya. Na ji kana ba su karatun da kuka yi a makaranta, wai a rage ɓarna, a daina tara kayan da ba a buƙata, a riƙa gyara aiki kaɗan-kaɗan kullum. Duk na yarda, har na ji daɗi kuɗin makaranta bai tafi a banza ba. Sai ka rufe da cewa daga yanzu babu mahaluƙin da zai ɓoye maka komai. Abokanka suka yi dariya. Ni kuwa ban yi dariya ba, domin na taɓa faɗin wannan magana da bakina, kusan kalma da kalma.

Bari in fara da tara kaya. Da can sai direba ya dawo daga Kurmi, can kudu inda muke kai kaya, muke jin yadda kasuwa take. Da waya ta shigo, kowace safiya dillalina na can yana gaya mini farashi kafin in gama shan koko. Sai na ɗauka na fi kowa sani. In ya ce ta ɗaga, in ce gobe za ta ƙara. In ya ce ta sauka, in ce a dakata ta farfaɗo. Ko ta ina dai jira ne. Ina jira ina ƙara saye, daga Katanga, daga fadamun Jega, daga duk wanda ya tsaya da amalanke a ƙofa. Ka san rudu, ɗakin kara da zana ne aka ɗaga daga ƙasa don iska ta ratsa kaya. Wanda aka yi don ya ɗauki albasa zuwa ƙugu, ni na sa aka cika shi har wuya.

Baffanka ne ke kula da rumbunan, ni ina shago a Jega. Ya same ni ya ce, "Yaya, albasa ba gero ta ba. Rai gare ta, iska take so. Mu sai da wagga, in ta hita mu kawo wata." Na ce masa shi ya sa har yau yake kan babur ni ina cikin mota. Haka nake magana a lokacin, kuma ina ganin hikima ce.

Waya ta gaya mini kuɗin albasa a Kurmi, ba ta gaya mini halin da albasata ke ciki a Aliero ba, kuma ban tambaya ba. To kai ka yi amfani da ita ta ɗaya fuskar. Ka tambayi mai saye nawa yake so, wace iri, yaushe, ka sayi daidai wannan da ɗan abin da zai tsare ka. Wadda ta fara shiga rudu ita za ta fara fita, ko da ta bayanta ta fi kyau a ido. Kaya in sun yi yawa suna rufe laifi. Rudun da ke rabi, kana leƙawa za ka ga inda ya fara baƙi. Wanda ya cika har wuya sai wari ya kira ka, kuma lokacin da wari ya fito aikin gama ya gama.

Akwai wata al'ada ta baffanka da na kashe da hannuna. Duk ranar da kasuwa ta watse, yakan tara kowa a gindin dogon yaron da ke bakin fili, tsofaffin matan da ke zaɓen albasa, da masu ɗinkin buhu, da 'yan dako. Ya sayo fura, ya ce kowa ya faɗi abu guda da ya wahalar da shi a makon. Ba manyan abubuwa ba ne. Wani ɗan dako ya ce suna ratsa fili gaba ɗaya da kaya a kai saboda masu zaɓe sun zauna nesa, sai aka matso da su bakin rudu. Mai ɗinki ya ce rabin safiyarsa na tafiya wurin neman basilla, sai aka kafa ƙusa aka rataye ta da zare. Wata tsohuwa ta ce ƙasan rudun yamma yana tsatsafo da danshi, aka ƙara masa tsawon ƙafa. Kowane mako abu guda. Ban taɓa jin baffanka ya ba abin suna ba, ku ne kuka zo da sunansa daga makaranta.

Kada ka ce na tsani waya. Ta yi mana rana. Da can tirela kan zo ta kwana tana jiran a ɗinke buhu, ko mu ɗinke buhu ya kwana a rana yana jiran tirela, albasa na dahuwa a ciki. A gindin dogon yaron nan aka kawo shawarar direba ya riƙa kira in ya taso daga Jega, sai a fara zuba albasa a buhu. Tun daga nan ba mota da ta sake kwana, ba buhun da ya sake shan rana. Ka lura da yadda abin ya zo: mutane ne suka ga matsala, waya ta taimaka aka warware.

Ni sai na juya abin. Na buɗe guruf a waya na zuba kowa a ciki, na ce zaman gindin itace ɓata lokaci ne da kuɗin fura, duk mai magana ya aiko a nan. Ba wanda ya aiko. Tsofaffin matan ba su da irin wayar. 'Yan dako kuwa, wa zai ɗauki muryarsa yana kukan aiki ya aika inda Alhaji zai saurara, ya maimaita, ya ajiye? A gindin itace magana tana bin iska, mutum ya faɗa a yi dariya a gyara. A guruf sai gaisuwar Juma'a da "Allah Ya ƙara arziki". Na ga shiru na ce aiki ya daidaita.

Ka mayar da zaman nan, Nafi'u. Ka zauna a tabarma ɗaya da su, ba a kujera ba, ka kife wayar. In an kawo shawara ka gwada ta a rudu guda, ka bar na kusa da shi yadda yake. A nan na'urarka za ta yi amfani, ta nuna muku wanne ya fi sanyi, kowa ya gani da idonsa. Kada ka sauya abubuwa da yawa a tashi ɗaya, don ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Kuma in shawarar mutum ta ci, ka faɗi sunansa a gaban jama'a.

Yanzu na zo inda nake ta kewaye-kewaye.

Na kafa doka kowace safiya a ɗauki hoton kowane rudu da kowane buhun da aka zuba, a turo guruf. Rudun da na ga baƙi a hotonsa, a yanke wa masu kula da shi wani abu daga ladan ranar. Ranar ce na ce ba wanda zai ƙara ɓoye mini komai. Ka san al'adar kasuwarmu, ana yi wa buhu fuska. Manya masu sheƙi a baki, sauran a ciki. Kowa ya sani, mai saye ma ya sani, shi ya sa yake nuna buhu guda ya ce a zazzage masa. Ni da na girma ina yi wa buhu fuska da hannuna, ni ne na zauna a shago ƙarƙashin fanka ina kallon bakin buhu a waya ina gyaɗa kai.

Wata safiya cikin bazara, hadari ya fara haɗuwa amma ruwa bai sauka ba, baffanka ya turo saƙon murya maimakon hoto. Ya ce, "Yaya, rudun gabas ya hwara ɗumi. Na sa hannu ciki na ji jiƙe. A dakata da lodi, mu zazzage mu gani."

Ina da alkawarin mota da wani babban mai saye a makon. Raina ya ɓaci. Da na kira shi mu biyu, da faɗan ya tsaya tsakanin wa da ƙane. Sai na danna waya na amsa masa a guruf, inda 'yan dako da direbobi da yaran da aka haifa a gabansa suke saurare. Na ce, "Garba, in ba ka iyawa ka hwaɗi, in kawo wanda ka iyawa. Kullum kai ad da labarin ɓanna. Ko jinjiri anka ba rudun ga, ya hi ka." Na kuma sa aka yanke masa lada, shi da mutanensa.

Washegari hoto ya zo, albasa jajir tana sheƙi. Haka jibi, haka gata. Tun daga ranar ban sake ganin baƙi a waya ba, daga kowane rudu, daga kowane mutum. Har na yi wa abokaina na kasuwa alfahari cewa tsawa ɗaya na yi aiki ya miƙe. Tsakanin Jega da Aliero tafiya ce da ba ta kai a ɗauki guzuri ba, amma ban taka ba. Me zan je yi, ga komai a tafin hannuna?

Aka yi lodi. Da motar za ta tashi, baffanka ya ce zai bi ta. Ba aikinsa ba ne bin kaya, kuma gaban mota ya cika, sai ya hau saman buhuna. An gaya mini a waya, na ce ya ji da shi. Bayan sun wuce Maiyama, a hanyar Koko, taya ta fashe motar ta kife. Direba da na gaba suka fita da rauni. Shi kaya suka danne.

Na isa wurin kafin la'asar. An riga an ciro shi an lulluɓe a gefen hanya. Buhuna sun farfashe, albasa ta cika kwalta ta gangara rami. Tun kafin in fito daga mota wari ya tare ni. Na tsaya ina kallo. Manyan nan jajaye da nake gani a hoto ga su nan 'yan kaɗan sun mirgina gefe, sauran duk baƙa ce, ta narke tana tsiyaya. A kan hanyar nan, gawar ƙanena a bayana, na fara ganin tsakiyar buhuna.

Bayan an yi sadakar bakwai, Mamman mai ɗinki ya same ni ya gaya mini sauran. Baffanka ya san kayan sun taɓu. Ya zaɓe iyakar ƙoƙarinsa, amma mota ba ta cika da mai kyau ba, kuma ba shi da bakin sake ce mini a dakata. Sai ya yanke shawarar ya bi kayan da kansa, in sun sauka ya sake zaɓewa a can, ya ba mai saye haƙuri ido da ido, don kada labari ya zo mini ta waya in sake tsinka shi a gaban yara.

Na san kwanansa ne ya ƙare, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma kowane ajali da sanadinsa, kuma na san wanda ya hau da Garba saman motar nan.

Daga baya na bi sawun ruɓar, abin da ya kamata in yi tun ranar da ya yi magana. Me ya sa rudun gabas ya yi ɗumi? Albasar cikinsa wuyanta bai bushe ba. Me ya sa? An cire ta ba a daɗe da ba ta ruwa ba, aka zuba a buhu ba a shanya ba. Wa ya sa manoman gaggawa? Ni ne. Na ji farashi zai tashi, na dame su da kira safe da yamma, na ce wanda bai kawo a makon ba na fasa saye. Na yi ta tambaya ina neman mai laifi, tambayar ta zagayo ta tsaya a ƙofar shagona. Da na tambayi abin da ya jawo, maimakon wanda ya jawo, da rudu guda muka yi asara.

Saƙon nan nawa kuma bai mutu ba. Na goge shi a wayata, amma ya riga ya shiga wayoyin mutane. An ce har a tasha an saurare shi. Ban sani ba ko Lawali ya taɓa ji. Yana gaishe ni kullum da ladabi, ya durƙusa har ƙasa, amma bai taɓa cin abinci a gidan nan ba tun rasuwar, kai ma ka lura. Abin da za ka faɗa cikin fushi, kada ka ba waya ajiyarsa.

Na'urarka ta fi hotona, ban musa ba, tunda ita cikin kaya take shiga. Amma kada ka ruɗi kanka. Mutumin da ke tsoron a yanke masa lada zai zare ta daga tsakiya ya maƙala ta bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa, ta yi ta aiko maka da sanyi har rudu ya narke. Ba mugunta ba ce, yana da bakunan da yake ciyarwa. Don haka tun ranar farko ka tara su ka nuna musu yadda take aiki, ka sa abin a wayar Lawali da ta duk mai kula da rudu, su riga ka gani. Ka ce musu albasa take gadi, ba su ba. Sannan ka cika wannan magana, domin sau ɗaya ka yi hukunci da ita, ta zama ɗan sanda, kuma ba mai gaya wa ɗan sanda gaskiya.

In ta nuna zafi, kada ka tura saƙo. Ka tashi ka je, ka naɗe hannun rigar nan taka mai guga, ka cusa hannu har gwiwa. In ta nuna lafiya kwana da kwanaki ba ko gezau, nan ma ka je, wannan ya fi ba ni tsoro. Ka ba kowa izinin tsayar da lodi, har tsohuwar da ke zaɓe, in ta ga abin da bai kwanta mata ba. Mota za ta jira, mai saye zai yi fushi, wata rana ma a zazzage a tarar ba komai. Ranar da aka tarar ba komai ita ce ranar jarrabawarka. In ka ɓata fuska, ba wanda zai sake tsayarwa.

Na san jinina ke jikinka. Na ga yadda kake yi wa ƙannenka in sun taɓa maka caja. Kana da saurin fahimta da saurin hasala, kuma mai saurin fahimta yakan ɗauka wanda ya kawo masa matsala shi ne matsalar. Lawali kuwa ubansa ya biyo, ba ya iya ganin abu ya yi shiru, sai in an koya masa shirun. Wata rana zai zo maka da labarin da ba ka so, a ranar da ba ka so, watakila mota na tsaye a ƙofa.

Jiya na tafi gidansu da sanda, don in nemi yardar mahaifiyarsa, Inna Ige. Shekarun nan duk ina ɗauke musu hatsi da kayan salla, tana godiya, ba ta taɓa ɗaga mini maganar ba. Na ɗauka ba ta san komai ba sai cewa mota ta faɗi. Ta saurare ni daga bayan labule har na gama. Sannan ta ce, "Alhaji, na yarda shi tahi. Ba ni son a ƙara mai komi bisa ga ladanai. Abu guda nike roƙo. In ya ga ɓanna ya hwaɗi, a bar shi shi ƙare maganatai. Ubanai da sahen da zai hau motar ga ya hwaɗa min abin da ya sa. Ya ce ya hi son hanya da ya sake buɗe baki."

Na ce mata na ɗauki alkawari. Amma ni ba ni da rudu yanzu, ba ni da lodi, ba wanda zai sake kawo mini labarin ɓarna. Da sunanka na ɗauka, ba tare da na tambaye ka ba. Ka yafe mini wannan, kuma ka cika shi.

Allah Ya kiyaye fitarku da shigarku, kai da Lawali. Ya tsare direbobinku da duk wanda zai hau mota saboda kayanku. Ya ba ka kunnen da ya fi nawa, Ya jiƙan Garba, Ya sa ya yafe mini kafin mu haɗu. Mahaifiyarka tana sa maka albarka, ni ma na sa.

Wassalam.

Mahaifinka,
Umaru.